Yadda Aka Ga Bayan Ciwon Bushiya

Assalamu alaikum warahmatullah. Shugaban wannan zama, iyayenmu ardo-ardo, malaman dabbobi, ɗalibai, barkanmu da warhaka.

An ce in yi magana a kan shugabanci da haɗin kai a harkar kiwo da abinci. To ni labarin cuta guda zan ba ku, ciwon bushiya, annobar shanu. Yaran da ke baya ba su san shi ba, alhamdulillahi. Dattawan da ke gaba kuwa, ga shi tun ban ci gaba ba wasu sun fara girgiza kai.

Cutar ta shigo Afirka a 1887 ta tashar jiragen ruwa ta Massawa, a Eritiriya, cikin shanun da sojojin Italiya suka kawo. Cikin 'yan shekaru ta ratsa Sudan, ta iso Borno da ƙasar Hausa, ta wuce har bakin teku. Saniya ta yi zazzaɓi, baki ya yi gyambo, ido da hanci su riƙa zuba, sai zawo, daga nan sai ta kwanta. A wurare da yawa, cikin shanu goma, takwas ko tara suka mutu. Kuma ba makiyayi kaɗai ya shiga uku ba. Nono ya ɓace a kasuwa, taki ya ɓace a gona, fatake suka rasa takarkari.

A 1961 shugabannin ma'aikatun dabbobi na ƙasashen Afirka suka zauna a Kano, suka amince cewa babu ƙasar da za ta iya yaƙin nan ita kaɗai. Dalilin kun san shi: garken da ya yi damina a Damagaram, da rani yana iya kwana a bakin Binuwai. A 1962 aka ƙaddamar da shirin da ake kira JP15, aka fara da ƙasashe huɗu na yankin Tafkin Chadi, wato Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru. Ɗakunan bincike irin na Vom a Najeriya da na Farcha a Chadi suka riƙa haɗa allura. Ga kuma allurar da Walter Plowright, likitan dabbobi ɗan Birtaniya, ya samar a Kenya, wadda guda ɗaya ke kare saniya har ƙarshen rayuwarta. Ana yi wa saniya, a huda mata kunne. Kafin shirin ya ƙare a 1976 ya kai ƙasashe 22, an yi wa shanu kimanin miliyan 70.

Nan nake so ku ba ni hankalinku. Cuta ta lafa, kowa ya yi murna, masu ba da tallafi suka tattara nasu ya nasu. Yarjejeniyar ita ce kowace ƙasa ta ci gaba da yi wa maruƙa allura kowace shekara, ta kuma sa ido. Ƙasashe da yawa ba su yi ba. Mota ta lalace ba a gyara ba, firjin ajiye magani ba kananzir, malamin dabbobi yana ofis ba kuɗin fita. An kashe maciji ba a sare kansa ba, domin cutar na nan a ɓoye tsakanin Mali da Muritaniya, da kuma kudancin Sudan. Farkon shekarun 1980 ta dawo ta gabas da yamma lokaci guda. A 1983 ta yi mana ɓarnar da har yau akwai gidajen da ba su farfaɗo ba. An ƙiyasta asarar Najeriya kaɗai a kan dala biliyan 2. Wallahi abin yana ci mini rai, don allurar tana nan, ilimin yana nan. Wanda zai tsaya a kan aikin bayan an watse daga bikin buɗewa, shi aka rasa.

A 1986 aka sake ɗaura ɗamara da shirin PARC na yaƙi da cutar a faɗin Afirka, a ƙarƙashin Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, kuma ta kafa nata na duniya a 1994. Me ya bambanta wannan karo? An samu allurar da ke jure zafi, tana yin wata guda ba firji. Sai dai babban abin shi ne an daina kallon makiyayi a matsayin matsala. A kudancin Sudan, ana tsakiyar yaƙi, dattawan makiyaya ne suka zaɓo 'ya'yansu, aka koya musu allura, suka kai ta inda motar gwamnati ba ta isa. Da aka zo neman inda cutar ta maƙale kuma, su aka tambaya, don mutumin da ke kwana da saniya ya riga kowane likita sanin ba ta da lafiya. A da, wanda ya sha jangali, in ya ga ma'aikaci yana ƙirga masa shanu, daji zai kora su. Yarda ce ta fito da su.

An ga cutar ta ƙarshe a 2001, jikin ɓauna a gandun dajin Meru na Kenya. A 2011 aka bayyana cewa ta ƙare a duniya, cuta ta biyu da aka taɓa kawarwa bayan agana.

Yanzu ga 'yar'uwarta a gabanmu, annobar awaki da tumaki da likitoci ke kira PPR. A 2015 a Abijan aka yi alkawarin kawar da ita kafin 2030. Wannan ta fi wuya, domin akuya na haihuwa da wuri, garke na sauyawa da sauri, kuma yawancinsu na hannun mata a cikin gida. Duk shirin da bai shiga zaure ya nemi iznin ganin uwargida ba, bai fara ba. Najeriya ta kafa ma'aikatar kiwo ta tarayya a 2024, mun yi maraba. Roƙona ga jami'an da ke zaune a nan: kuɗin allurar shekara ta biyar da ta shida, a sa shi cikin kasafinmu tun yanzu, kuma a tsara ranakun fita tare da Maraɗi da Diffa da Marwa.

Shugaba, na ga kana duba agogo. A ba iyayenmu ardo-ardo dama su fara tambaya.