Yadda nake wanke 'yar bindigata .22 da yadda nake nemo harsashin da take so

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Toh yau dai gamu a gareji, ku yi haƙuri da ƙarar da kuke ji, hita ce na kunna, sanyin Ohio ba ya wasa da mutum. Tun da na saka bidiyon filin harbi mutane ke ta tambayata wai wace irin bindiga ce, ya ake kula da ita. Kafin komai, ni a Amurka nake, kuma wannan wasa ne na harbin takarda a filin da doka ta yarda. Wanda ke gida Najeriya ya san maganar bindiga sai da lasisi, kar wani ya ce ni na aike shi.

Ga ta nan, CZ 457 ce, ƙirar ƙasar Czech, tana cin harsashin .22 Long Rifle. Harsashin nan tsoho ne fa, tun 1887 yake, amma har gobe da shi ake gasar harbin mita 50 a Olamfik. Ƙanena matso da kyamarar su gani. Kun ga gindinsa? Babu ɗan maɓallin nan na tsakiya irin na manyan harsasai, sinadarin da ke tada wutar a cikin gefen kwanson yake zagaye, allurar bindigar gefen take duka. Shi ya sa ba a son kana ta jan kunama babu komai a ciki, a wasu bindigogin allurar sai ta dinga dukan ƙarfen bakin ɗakin harsashin har ta yi masa tabo.

Abu na farko, cire magazin, wato gidan harsasai, ja bol ɗin baya, wato ƙarfen da ke tura harsashi ya rufe bayansa, leƙa ɗakin harsashin da idonka, sa yatsa ka taɓa. Ko kai ka ajiye ta jiya, sake dubawa. Harsasai kuma a fitar da su daga ɗakin da kake aikin gaba ɗaya.

Toh wankin. Kuskuren da na tafka da bindigata ta farko, wallahi har yanzu in na tuna sai raina ya sosu, ta baki nake zura sandar wankin, kullum na dawo daga fili sai na yi ta gurza kamar mai wanke tukunyar tuwo, ina ganin ai tsafta nake. Ashe ɗan da'irar nan ta bakin bututu nake cinyewa, kuma ita ce abu na ƙarshe da harsashi ke taɓawa kafin ya fita, in ta ci ta gefe ɗaya iskar da ke bayansa ba za ta fita daidai ba sai ya karkace. Wani dattijo a filinmu ne ya kalle ni ya ce yaro kashe ta kake yi. Don haka ta baya ake shiga. Zare bol ɗin gaba ɗaya, saka wannan robar mai jagorantar sanda don kar ta goge ɗakin harsashi, sanda kuma a samu mai guda ɗaya mai rufi, ba mai haɗe-haɗen nan ba. Ɗan tsumma, ɗigo biyu na ruwan wanki, tura a hankali har ya fita ta baki, cire tsumman a can, sannan ka jawo sandar. Kar ka dawo da datti ciki. Biyu jiƙaƙƙu, sai busassu uku ko huɗu, shikenan. Masu bindigar Ruger 10/22 ku sandar ba za ta shiga ta baya ba, igiyar nan da ake ja ita za ku nema.

Inda ya kamata ku ɓata lokaci shi ne nan, dab da inda kwanso ke ƙarewa. Baƙin toka da darma suna taruwa su yi zobe mai tauri, ka ga bol yana wuyar rufewa, ko harbin farko ya dinga tafiya wani wuri daban. Sai ka jiƙa tsumma ka bar shi a wurin kamar minti goma sha biyar, ka zo da burushin roba ka murza a wurin kawai. Sauran bututun ba ya son yawan taɓawa, domin harsashin .22 darma ce mai laushi da aka shafa wa kaki, kuma kakin nan yana shimfiɗuwa a cikin bututu, bindigar da shi take harbi daidai. In ka wanke tas, ka kwashe shi. Shi ya sa bayan wanki harbi goma zuwa ashirin na farko ba na lissafa su, na ɗumama ne kawai. Ni dai sai na ga harbin ya fara watsewa nake wankewa. Af, ku wanke hannu da sabulu kafin ku ci abinci, darma guba ce, balle mai yara a gida.

Yanzu maganar harsashi, nan ne daɗin yake. Bindiga biyu kamfani ɗaya, an ƙera su rana ɗaya, wannan ta so wani harsashi waccan ta ƙi shi, ba mai gaya maka sai ka gwada. Kar ka sayi katan. Sayi ƙananan kwalaye masu guda 50, kala huɗu ko biyar. Ga su nan, CCI Standard Velocity, SK Standard Plus, Lapua Center-X, sai Eley Tenex na Ingila wanda kuɗinsa sai ka yi bismillah kafin ka harba. Duk kansu nauyin giren 40 ne, giren ma'aunin nauyin harsashi ne, kuma gudunsu bai kai na sauti ba, na CCI ɗin ƙafa 1070 a daƙiƙa aka rubuta a kwalin, sauti kuwa wajen 1125 yake. Masu saurin nan da ake sayarwa a bokiti suna wuce sauti sannan su faɗo ƙasa da shi a hanya, ga shi ba a cika auna su da kyau ba, na harbin gwangwani ne.

A fili, yadi 50, ka zauna a benci, jakar yashi gaba jakar yashi baya, ka zaɓi safiya da iska ba ta tashi ba don ɗan harsashin nan iska kaɗan ke ture shi. Duk kalar da za ka canza, harba goma a gefe tukuna, saboda kakin kowane kamfani daban ne, sai bututun ya saba da sabon. Daga nan harbi biyar-biyar sau biyar. Kar ka taɓa madubin saiti ko da harbin yana sauka gefe, ba tsakiya muke nema ba, haɗuwar ramukan muke dubawa. Ka auna daga gefen waje zuwa gefen waje na ramuka biyu mafi nisa, ka cire 0.22 na inci, wato faɗin harsashin, ka rubuta. Duka biyar ɗin fa, har da wanda ya ba ka kunya, sai ka fitar da matsakaici. Na san halinmu, mutum ya yi sa'a sau ɗaya ya ɗauki hoto ya tura wa abokai. Rabin inci a yadi 50 in kana samu a kai a kai, ka gode Allah.

Kuma ku kalli nan, lambar nan ta gefen kwali, lambar rukunin da aka ƙera tare ce. Suna ɗaya, lamba daban, harbi daban. Har wurin gwaji Lapua ke da shi a Mesa ta jihar Arizona, mutane na kai bindigarsu a gwada musu rukuni-rukuni. Ni tawa wata mai matsakaicin kuɗi ta zaɓa ta bar mai tsadar, na koma shagon da gudu na ce a duba min wannan lambar, saura kwali bakwai, na kwashe duka.

Bari in mayar da bol ɗin, ɗan mai kaɗan a jikinsa, kar ya shiga bututu. Asabar in Allah ya kai mu za mu je fili da takardun ku ga aunawar da idonku. Ƙanena kashe hitar nan, kai na ya fara ciwo.