Daidaita Agogon Kwamfutocin Gida: Lacca a Birnin Kebbi

Assalamu alaikum. Na baya ku matso, ga kujeru nan. Abu uku zan taɓo.

Na farko, kowace kwamfuta da agogonta a ciki, wani ɗan ƙanƙanin dutse mai kaɗawa sau 32,768 a daƙiƙa ɗaya, da ɗan batir, galibi CR2032, da ke riƙe shi in an ɗauke wuta. Zafi yana canza saurin kaɗawar, kun kuwa san zafin Kebbi a watan Afrilu. Sai kyamarar tsaro ta yi baya, kwamfutar Alhaji ta yi gaba, ranar da aka yi sata a rasa wacce za a gaskata.

Maganin shi ne NTP, tsarin daidaita agogon kwamfuta ta intanet, wanda David Mills ya fitar a 1985 a Amurka. Ya rasu a 2024. To nan ne nake so ku ba ni hankalinku, wallahi dabarar tana burge ni. Ka aiki yaro ya tambayo ƙarfe nawa, kafin ya dawo ai amsar ta tsufa. Yaya za ka yi? Sai ka rubuta lokacin da ya fita da lokacin da ya dawo, can kuma su rubuta lokacin isarsa da na tasowarsa. Lokuta huɗu. Huɗu fa! Malam mai farar hula, riƙe min lissafin. Saƙo ya fita goma daidai a agogona. Uwar garke, wato kwamfutar da ake tambaya lokaci, ta ce ya iso goma da daƙiƙa 5, ta amsa nan take. Ya dawo goma da daƙiƙa 2 a nawa. Zuwa da dawowa daƙiƙa 2, zuwa kaɗai ɗaya ke nan. Ya isa goma da daƙiƙa 1 a nawa, ita kuwa ta ce 5. Ashe agogona yana baya da daƙiƙa 4. Kun gani? Lokuta huɗu kawai.

Amma lissafin ya ɗauka zuwa da dawowa tsawonsu ɗaya, datar waya kuwa ba ta da wannan alƙawari. Shi ya sa, na biyu... ko na uku ne? Ku zaɓi na'ura ɗaya a gida, wadda ke kan inbata, ku sa mata manhajar NTP mai suna chrony ta riƙa tambayar lokaci a adireshin pool.ntp.org, sauran su tambaye ta. Ko intanet ta yanke, bakinsu ɗaya.

Na'am, Hajiya? Tana tambaya ko wannan zai gyara mata lokacin buɗa-baki. A'a, Hajiya. NTP agogon duniya yake bayarwa, UTC, na'urarki ta ƙara awa ɗaya ta Najeriya. Faɗuwar rana daban ce. Maiduguri na riga mu shan ruwa da fiye da rabin awa, alhali agogonmu ɗaya. Ki buɗe manhajar sallar, ki tabbatar Birnin Kebbi aka zaɓa, ba Abuja ba. Miƙo wayar in nuna miki wurin.