Dogarin Ƙofa da Filash Ɗin da Ya Ƙi Tashi

An rubuto daga rikodin laccar da aka yi wa masu koyon gyaran kwamfuta a Sakkwato.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Na baya kuna ji na? To madalla. A rage fankar nan... a'a, ku bar ta, zafin Sakkwato ba abokin wasa ba ne, gara ni in ɗaga murya.

Abin da aka ce in yi magana a kai, duk wanda ya taɓa zama a shagon gyara ya san shi. Ka haɗa filash, ka ɗora masa Windows ko Ubuntu, ka soka a laftof, ka kunna, sai ta yi kamar ba ta san da zamansa ba. Ko ta wuce abinta cikin tsohon Windows ɗinta mai ciwo, ko ta bar ka da baƙin allo da ɗan farin layi yana ƙyaftawa a kusurwa. Ga mai kaya tsaye a kanka yana cewa "Injiniya, lafiya dai?" kai kuma gumi yana keto maka. Abubuwa biyar na rubuto a takardar nan. Biyar. In sha Allahu za mu taɓa su kafin la'asar.

Na farko ba zan daɗe a kai ba, maɓalli ne, wanda ake dannawa kwamfuta ta kawo jerin abubuwan da za ta iya tashi da su. Kowane kamfani da nasa. HP, F9. Dell, F12. Lenovo ma F12, wasu kuma suna da ɗan rami a gefe da ake soka allura. Asus, Esc. Acer F12 ne, amma sau da yawa a kashe yake zuwa, sai ka shiga da F2 ka kunna shi. Kuma ba dannawa ɗaya ake yi a naɗe hannu ba. Kana taɓa maɓallin wuta ka fara bugawa kamar mai kalangu. In ta riga ka, to ku sani tun daga Windows 8 kashewar da kwamfuta take yi ba cikakkiya ba ce, gyangyaɗi ne. Riƙe Shift ka danna Restart, za ta kawo maka shuɗin allo inda za ka zaɓi filash ɗin da hannunka. Wannan ke nan.

Na biyu. To, a nan ne nake so ku ajiye wayoyi.

Kwanaki wani yaro ya zo mini ransa a ɓace, ya ce filash uku ya gwada, duk na banza ne. Na karɓa na buɗe. Me zan gani? Fayil ɗin ISO guda, wato kwafin faifan Windows gaba ɗaya a fayil ɗaya, ya jawo shi ya jefa ciki yadda ake tura wa'azi ko karatu a memori. (dariya) Kar ku yi masa dariya, rabinku kun yi. Abin da bai sani ba shi ne, kafin Windows ya farka akwai wanda ya riga shi farkawa. Akwai dogari a bakin ƙofa. Ku 'yan birnin Shehu ne, kun san ba a faɗa wa fada haka kawai, sai an yi maka iso. Wannan dogarin yana zaune ne a wani ɗan guntun abu a jikin bod, ba a hadis ba. Hadis na ce, na kwamfuta, ba hadisi ba, kar wani ya fita ya ce na taɓa malamai. (dariya)

Dogaran nan kuma iri biyu ne, tsoho da sabo, kuma ba abu ɗaya suke dubawa ba.

Tsohon shi ne BIOS. Tun kwamfutar IBM ta 1981 yake bakin aiki. Shi bai iya karatun folda ba, bai san fayil ba. Abu ɗaya ya sani: ya je farkon filash, ya ɗebo bayit 512 na farko, ya duba biyun ƙarshe. In ya ga hatimin 55 AA, sai ya ce bismillah, wuce. In bai gani ba, ko Windows goma ka zuba a ciki, a wurinsa babu kowa a ƙofa. Wannan ɗan wurin shi ake kira MBR. A cikin 512 ɗin nan, 446 umarni ne, 64 jadawalin rabon ɗakuna ne, kowane ɗaki 16. Ku raba 64 da 16. Nawa? Huɗu. Shi ya sa MBR ba ya ba ka manyan fatishan fiye da huɗu, kuma ba ya iya riƙe hadis da ya wuce terabayit 2. Ba mugunta ba ce, wurin ne ya ƙare. To yaron nan da ya jefa ISO, wa ya rubuta masa umarnin nan a farkon filash? Babu. Aikin da Rufus, manhajar da muke haɗa filash da ita, yake yi ke nan, ba kwafi kawai yake ba.

Sabon dogarin shi ne UEFI. Shi ɗan boko ne. Ya yaɗu a kwamfutocin kasuwa wajen 2012, lokacin Windows 8. Shi ba ruwansa da hatimin farko, shiga yake yi cikin filash ɗin ya nemi folda mai suna EFI, a cikinta wata mai suna BOOT, a cikinta fayil BOOTX64.EFI. In ya same shi, an gama. Amma ga inda gizo ke saƙar: ɗan bokon nan harshe ɗaya aka wajabta masa ya iya, ina nufin tsarin da ake yi wa filash fomat da shi, wato FAT, irin su FAT32. NTFS, wasu sun iya, da yawa ba su iya ba. FAT32 kuma yana da nasa aibin, ba ya ɗaukar fayil guda da ya kai gigabayit 4. Sai ga shi a cikin ISO na Windows 10 da 11 na yanzu akwai wani ƙaton fayil, install.wim, wanda yakan haura 4 ɗin. Kun ga rikicin? Ka yi NTFS, dogari ya ce bai iya karantawa ba. Ka yi FAT32, kaya ya ƙi shiga ƙofa. Gaba kura, baya sayaki.

Yaya aka warware? Manhajar da Microsoft suke bayarwa, Media Creation Tool, matse fayil ɗin take yi ya koma install.esd, ya shige FAT32 lafiya. Shi kuwa Rufus dabara ya yi: ya mai da filash ɗin NTFS, sannan ya yanki wani ɗan mitsitsin fatishan na FAT a ƙarshe ya zaunar da tafinta a ciki. Dogari ya gana da tafinta, tafinta ya kai shi wurin kaya. Saboda haka in kun buɗe filash kuka ga ɗan fatishan ɗin nan, don Allah kar ku goge shi da sunan shara. Na ga wanda ya yi.

Yanzu ku dubi allon nan. Ga Rufus a buɗe. Kun ga akwatin nan na hagu? GPT ko MBR, GPT shi ne sabon jadawalin rabon ɗakuna da ya zo bayan MBR. Ku lura da na damansa in na canza. Na sa GPT, ya ce UEFI. Na sa MBR, ya ce BIOS. Wannan akwatin da yawancinku kuke tsallakewa ku danna Start, shi ne rabin matsalar da ake kawo mini. Ka ɗauko tsohuwar Core 2 Duo irin ta gwanjo, ka ba ta filash ɗin GPT, ba za ta gan shi ba har gobe. Ka ɗauko sabuwa fil wadda aka cire mata Legacy, wato hanyar tsohon dogari, gaba ɗaya, ka ba ta wanda aka haɗa don BIOS, ita ma haka. Filash lafiyarsa ƙalau. Takardar da ka ba shi ce ba ta wannan dogarin ba.

Na tsakiya kuma, irin waɗanda suka fi yawa a hannunmu, su EliteBook da Latitude da ThinkPad na 'yan shekarun baya, dogari biyu gare su a ƙofa ɗaya. Shi ya sa wani lokaci ka ga sunan filash ɗinka sau biyu a jerin, ɗaya da UEFI a gabansa, ɗaya babu. Ba aljani ba ne. Ƙofa biyu ce, kuma wadda ka bi tana da sakamako.

Bari in gaya muku abin da ya same ni, don ba na so ya same ku. Ina yaron shago lokacin. Wata ɗaliba ta kawo laftof, shekarar ƙarshe take, ta ce Windows kawai za a sabunta, kayanta suna ɗaya fatishan ɗin. Na bi ta ƙofar Legacy, alhali hadis ɗinta GPT ne. Da na iso wurin zaɓen fatishan sai ya ce ba zai sauka a nan ba, tsarin GPT ne. Maigidana ya fita sallah. Ni kuma na taɓa ganin ana buɗe baƙin allo da Shift da F10, a rubuta diskpart, a zaɓi hadis, a rubuta clean. Na rubuta. Ko daƙiƙa biyar bai ɗauka ba, ya ce an yi nasara. Har daɗi na ji. Windows ya sauka sumul. Da yamma ta dawo, ta zauna a kan bencin nan na bakin shago, ta buɗe, ta ce "Malam, ina furojet ɗina?" Har yau ina tuna yadda ta riƙe bakin hijabinta tana kallon allon, ba ta ƙara cewa uffan ba. Clean ba fatishan ɗaya yake sharewa ba, jadawalin hadis ɗin gaba ɗaya yake ɗaukewa. Mun kwana biyu muna tono da manhajar dawo da fayil, mun samu wasu babi, wasu Windows ya riga ya hau kansu. Alhali abin da ya kamata in yi, in kashe, in sake danna F9, in zaɓi layin da ke da UEFI. Shi ke nan fa. Layi ɗaya.

Don haka kafin ka taɓa komai, in tsohon Windows yana tashi, rubuta msinfo32, ka duba inda aka sa BIOS Mode. In UEFI ne, haɗa GPT. In Legacy ne, haɗa MBR. In ba ya tashi, shiga saitin ka gani da idonka. Tambayi dogari tukuna, sannan ka rubuta takarda. Na maimaita ko? Zan ƙara maimaitawa. Tambayi dogari.

Ina muke? Na uku... a'a, kamar na haɗe na uku a cikin na biyu. To mu ce na huɗu. Secure Boot. Wannan shi ne dogari ya ce bayan takarda sai ya ga sa hannun da ya sani. Windows 10 da 11 suna da shi, Ubuntu ma yana wucewa, Windows 7 ba ya wucewa. In ya hana ka, ka kashe shi a saiti. A Acer ba zai bari ka taɓa ba sai ka sa fasuwod ɗin Supervisor, kuma ka rubuta shi a takarda, kar ka dogara da kanka. Amma ku yi hattara, in hadis ɗin a kulle yake da BitLocker, makullin da Windows yake sa wa hadis, taɓa Secure Boot yana iya sa ya nemi mabuɗi mai lamba 48, kuma mai kayan galibi bai taɓa jin labarinsa ba. Ku tambaya kafin ku taɓa.

Sauran da gudu, lokaci ya tafi. Canza rami. Baƙin rami USB 2.0 ne, shuɗi 3.0, kuma Windows 7 bai zo da direban shuɗin ba, shi ya sa yake tsayawa yana neman direban faifai alhali babu faifai a wurin. Ƙurar hunturun garin nan ma tana cika ramin, ku busa. Sannan ISO ɗin kansa: in data ta yanke ko aka ɗauke wuta ana tsakiyar saukewa, zai iya zuwa da rauni. Gwada lambar SHA256 ɗinsa, wato tambarin fayil ɗin da ke canzawa in ya lalace, da wadda masu shi suka wallafa, Rufus ma yana lissafa ta. Sai filash na jabu, an rubuta 64 a jiki, cikinsa bai fi 8 ba. Manhajar H2testw za ta tona masa asiri. Kuma Windows yana son aƙalla gigabayit 8 na gaskiya.

Na ga hannu a can. Bismillah, ƙanena.

Mai tambaya: Malam, Allah shi ƙara basira. Ni wagga tawa ta tashi da filash lahiya lau, amma da ta kai wurin zaɓen hadis, babu komi, wurin fayau. Mai ita ya ce jiya-jiya yana aiki da ita. Mi ya kawo haka?

Sabuwa ce? Core i5 na ƙarni na nawa?

Mai tambaya: Na goma sha ɗaya.

Yawwa! Na gode da ka kawo wannan, ya ma fi na biyar ɗin da na rubuto. Kar ka gaya wa mai ita hadis ya mutu, da yawa sun sa mutane sayen sabo a banza. Daga ƙarni na 11 na Intel, laftof da yawa suna zuwa da wani abu a kunne mai suna VMD, shi ne yake tsaye tsakanin Windows da SSD ɗin, wato hadis ɗin zamani, filash ɗinka kuma ba shi da direbansa. Ka ga wannan ba matsalar dogari ba ce, ka riga ka shiga gida, ɗakin ne ba ka gani. Hanya biyu ce. Ko ka je shafin kamfanin laftof ɗin ka sauko da direban Intel RST, ka warware shi, ka zuba foldar a filash ɗin, in ka iso wurin da babu komai ka danna Load driver ka nuna masa. Ko ka shiga saiti ka kashe VMD, in kamfanin ya bar maka wurin kashewa, don ba duka suke bari ba. Amma in akwai Windows a kai da mai ita yake so, kashe VMD zai hana shi tashi har sai ka mayar. Ni na fi son ta farko.

Tana nan tare da kai? To me kake jira? Kawo ta gaba. Wani ya ba shi hanya. Wa ke da data a waya, ya buɗe mana hotsifot mu sauko da direban? A jona ta a wuta tukuna, na ga batirin ya yi ja.