Mayen ƙarfe ba ya gane inoks: abin da na tarar a Katako

Assalamu alaikum jama'a. Ku yi haƙuri da ƙarar da ke bayana, maƙera ne ke aiki, ina bakin kasuwar Katako a Yamai, kuma yau raina a ɓace yake. Bari in matso da kyamara. Wannan guntun daga gindin tankin madara na inoks, wato ƙarfen da ba ya tsatsa, na yanko shi. Kun ga ɗigo-ɗigon nan ja kamar an barbaɗa barkono? Ga kuma gefen ɗinkin walda, baƙin layi ya bi shi tun daga sama, in ka sa farce sai ka ji ramuka. Tankin ko shekara bai rufa ba. Wata Hajiya mai ɗan kamfanin yogot ce ta kira ni, ta ce, "Malam, an rantse mini ƙarfen nan ba ya tsatsa, ga shi nonona yana ƙarnin ƙarfe." Abin da ta zuba a tankin ya haura miliyan guda na sefa.

Na bi sawun fallen har wurin wanda ya sayar. Ba zan nuna rumfarsa ba, dattijo ne, kuma ina kyautata zaton shi ma haka aka sayar masa. Ina gama bayani ya yi murmushi, ya zaro mayen ƙarfe daga aljihu, irin na cikin tsohuwar lasifika, ya manna a jikin falle, ya saki, abin ya faɗi ƙasa. "Ka gani, ɗana? Bai kama ba. Inoks ne na asali." Na ce, "Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma, ai wannan gwajin naku shi ya ja wa Hajiya asara."

Ku tsaya ku ji dalili. Abin da ke hana ƙarfen nan tsatsa wani sinadari ne, kuromiyam. In ya kai kashi 10.5 cikin ɗari, da iska ta taɓa shi sai ya yi wata 'yar fata a saman ƙarfen wadda ido ba ya gani, in ka karce ta kuma ta sake rufewa da kanta. Wani Bature, Harry Brearley, ya gano haka a Shefild ta Ingila a 1913, yana neman ƙarfen bakin bindiga da ba zai ci da wuri ba. Tun daga nan aka yi ta haɗe-haɗe. Wanda ya kamata a yi tankin madara da shi, mafi ƙaranci, shi ne 304: kuromiyam kashi 18, nikel kashi 8. Juya bayan cokali mai kyau, za ka ga 18/8 ko 18/10, lissafin ke nan. To nikel tsada gare shi, mafi yawansa yanzu daga Indonesiya ake haƙo shi. Sai masu masana'anta suka rage shi suka cika gurbin da manganis mai araha, aka samu 201 da danginsa. Ƙyalli ɗaya, sheƙi ɗaya, kuma shi ma maye ba ya kama shi! Can gefe ga 430, wanda maye ke kamawa cak, amma inoks ne na gaskiya, da shi ake ƙofar firji da gangar injin wanki. Shi kansa 304 in aka lanƙwasa shi sai ka ji maye yana ɗan ja a kusurwar. Wato mai kyau ya faɗi gwajin, na arha ya tsallake.

Kada mutanen Yamai su ce Bakano ya zo yana zagin kasuwarsu. Wallahi a Ƙofar Ruwa ma wannan mayen ake zaro maka, har da rantsuwar da ta fi ta nan tsawo. Kuma Katako ta burge ni. Akwai masu narka tsohon alminiyam a can ciki, su zuba a yashi, kafin ka gama shan shayi tukunya ta fito. Hannu akwai shi a garin nan. Kayan gwaji ne babu.

Ga nawa, wannan 'yar kwalbar, daga Legas na taho da ita, kuɗinta bai kai na kilishin da na saya jiya ba, jaka 3 na ba da, kuma ban yi da-na-sani ba, kilishin Yamai sai dai a sara masa. Ka goge wurin, ka ɗiga ɗigo ɗaya. Ku kalla. A kan wannan guntun 304 da nake yawo da shi, ruwan yana nan yadda yake. A kan na tankin Hajiya kuwa, ga shi nan ya fara ja. Manganis ke nan ya tona kansa. Da na yi wa Alhaji a gabansa shiru ya yi, can ya ce, "Ɗana, ina ake samun ruwan nan?"

Manyan wurare ba da ɗigo suke aiki ba. Lokacin da nake aikin bututu a Fatakwal, akwai wata na'ura mai siffar ƙaramar bindiga, XRF, injiniya ya ɗora bakinta a kan ƙarfe, cikin daƙiƙu kaɗan allo ya jero masa kuromiyam kaza, nikel kaza, molibdenam kaza. Ba ƙarami ba ne a wurin nan ni ma, har riƙe ta ake ba ni. Farashinta kuwa sai ka sayi mota. Duk da haka ba ta ganin kabon, don haka ba za ta raba maka 316 da 316L ba, wasu irin inoks biyu da yawan kabon ne ya bambanta su. Wannan sai takardar masana'anta, satifiket 3.1, kuma lambar narki da ke jikinta dole ta zo daidai da wadda aka buga a jikin fallen. In mai kaya ya ce takarda ta ɓata a hanyar Kwatano, ka riƙe kuɗinka. Ku da ke zuwa aiki nan daga gida, ku saba da lambobin Turai, su za ku fi gani a takardun nan: 1.4301 shi ne 304, 1.4404 shi ne 316L. Noti da kusa kuma, A2 dangin 304 ne, A4 dangin 316.

Amma ban sauke laifin duka a kan Alhaji ba. Wanda ya yi waldar nan, ko 316L ka ba shi sai ya kashe shi. Ku dubi cikin ɗinkin, baƙi ƙirin, ya yi ɓurɓushi. Bai sa iskar agon, mai kare ɗinki daga ƙuna, ta ciki ba, sai ta waje, wutar ta ƙone bayan ɗinkin. Cikin wannan ɓurɓushin ragowar madara ke maƙalewa, ba wankin da zai fitar da ita. Sannan waɗannan jajayen tabo da ke warwatse nesa da ɗinki, faifan gurza ne da aka yanka baƙin ƙarfe da shi aka dawo aka goga a nan, ƙurar ƙarfen ta nutse a jiki ta yi tsatsa. A shagona faifan inoks daban, buroshin waya daban, yaron da ya haɗa su ya san ranar ba kuɗin abinci. Ga kuma zafi. Inoks ba ya watsa zafi da sauri, wajen kashi ɗaya cikin uku na baƙin ƙarfe yake yi, ga shi ya fi shi miƙewa, shi ya sa falle ke murɗewa a hannun mai gaggawa. In ƙarfen ya daɗe tsakanin digiri 450 da 850, kabon ya kama kuromiyam ya riƙe, gefen ɗinki ya rasa mai kare shi. A masana'anta ana gyara wannan, a mayar da shi tanderu sama da digiri 1,000 a sanyaya da gaggawa. Wa zai sa tankin lita dubu a tanderu a Yamai? Shi ya sa nake cewa a sayi mai harafin L, kabon ɗinsa bai wuce kashi 0.03 ba.

Ita ma Hajiya na faɗa mata nata, cikin ladabi. Yaranta ruwan jabel, ruwan wankin nan mai kulorin, suke zubawa a tanki su bar shi ya kwana. Kulorin shi ne babban maƙiyin fatar nan, yana huda ta ƙananan ramuka, in kuma da zafi sama da digiri 60 har tsagewa ƙarfen yake yi. 316 ya fi juriya saboda molibdenam kashi 2 zuwa 3 da ke cikinsa, amma shi ma ba a bar masa jabel ya kwana. Akwai manyansu. Dufuleks 2205 ƙarfinsa ya kusa ninka na 316. 904L kuwa don asid ɗin salfa aka yi shi, irin wanda ake jiƙa dutsen yuraniyam da shi a Arlit, kuma da shi Rolex ke yin agogo. Wanda ke hannun abokina ɗan Tawa dai na jaka 5 ne, ban ɗiga masa ruwana ba don zumunci.

Kai, zafin garin nan! Yanzu da a gida ne ina Jakara da gurasa bandashe a gabana.

Sabon tankin da 304L zan yi shi, sandar walda 308L, agon ciki da waje. In na gama zan fesa wa ɗinkin jan ruwan gwaji, in bar shi ya shiga, in goge, in fesa farin a kai, duk inda tsaga take komai ƙanƙantarta sai jan layi ya fito a kan farin. Zan ɗauka muku. Daga nan a wanke launin ƙuna, a bi da asid ɗin lemon tsami don fatar ta dawo. Masu walda, gargaɗina a kan man wanke ɗinkin nan da ake shafawa da buroshi: akwai asid haidirofulorik a ciki, yana ratsa fata ya kai ƙashi, kuma ba lalle ka ji zafi nan take ba. Safar roba mai kauri, tabarau, ruwa a kusa, kuma kada ka ba yaro ya shafa.

Bari in nemi taksi kafin mai cika tukunyar agon ya tafi sallar la'asar. Sai na dawo muku.