Yadda ake haddace ayar Littafi Mai Tsarki ta zauna a zuciya

Barkanku da zuwa 'yan'uwa. Yau kan haddar aya za mu yi magana, kuma na san wani zai ce ai Littafi Mai Tsarki yana cikin wayata, me zan yi da hadda kuma? Toh ɗan'uwa, ranar da tsoro ya kama ka da tsakar dare, ko kana zaune a asibiti kana jiran abin da likita zai faɗa, hankalinka ba zai kai ga buɗe waya ba, abin da ke cikin zuciyarka shi zai fito.

Ku duba Matiyu sura 4. Yesu ya yi azumi kwana 40 a jeji, Shaiɗan ya zo ya gwada shi sau uku, kuma duk sau ukun da "a rubuce yake" ya amsa masa. Babu littafi a hannunsa fa. Ayoyin nan uku duk daga Maimaitawar Shari'a ya ɗauko su, littafin da a sura 6 aka umarci Isra'ilawa su riƙe maganar Allah a zuciya, su koya wa 'ya'yansu, suna zaune a gida, suna tafiya a hanya, lokacin kwanciya da lokacin tashi. Zabura 119 ma, wadda ta fi kowace sura tsawo da ayoyi 176, an tsara ta kashi 22 bisa haruffan Ibrananci, kowane kashi aya takwas masu farawa da harafi ɗaya, tsarin da yake sa riƙewa ta zo da sauƙi.

Yanzu ga inda yawancinmu muke kuskure, kuma abin yana damuna sosai. Mukan ciro aya ɗaya mu haddace ba mu san wa ya faɗe ta ba, ga wa, a wane hali. Lambobin nan na sura da aya daga baya aka sa su, na ayoyin Sabon Alkawari sai a 1551 wani mai ɗab'i ɗan Faransa, Robert Estienne, ya saka, marubutan ba gutsi-gutsi suka rubuta ba. Ɗauki Irmiya 29:11, inda Allah ya ce ya san shirin da yake da shi dominku, na alheri ne ba na masifa ba. Wasiƙa ce aka aika wa mutanen da aka kwashe bauta zuwa Babila, kuma ayar da ke gabanta ta ce sai sun cika shekara 70 a can. Ka ga in ka san wannan, ranar da addu'arka ta daɗe ba amsa ba za ka ce Allah ya manta da kai ba, domin masu jira aka yi wa alkawarin tun asali. Haka Filibiyawa 4:6 da ke cewa kada ku damu da komai, Bulus yana tsare a kurkuku ya rubuta.

Toh ya za ka fara? Zaɓi ayar da ta taɓa abin da kake ciki yanzu, in tsoro ne Ishaya 41:10, in baƙin ciki ne Zabura 23, aya shida ce kacal. Karanta surar gaba ɗaya tukuna. Sai ka rubuta ayar da hannunka, ka raba ta guntu-guntu, ka riƙa faɗa da ƙarfi kunnenka na ji, ka haɗa da sunan littafin da lambar. Fassara ɗaya za ka riƙe dan Allah, in kana haɗa biyu kalmomin za su cakuɗe maka.

Maimaici shi ne babban aikin, gara minti biyar kullum da awa guda sau ɗaya a mako, gobe ka dawo kanta, jibi ma, bayan sati ka sake gwadawa ba tare da ka duba ba. In ta kuɓuce kar ka karaya, duba kalmar farko kawai ka ci gaba. Ka sami wani a gida ko a ikilisiya da zai riƙe littafin yana bin ka kana faɗa, sai ta zauna sosai kafin ka ƙara wata.