Jawabin Mataimakin Shugaba Kan Asusun Jinya

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe shugaba, iyayenmu maza da mata, 'yan'uwana 'yan Kaduna mazauna Ingila, barkanmu da ganin juna. An ce in yi magana kan asusun jinya, amma ku yi mini uzuri, ta filin ƙwallo zan biyo.

Yaranmu da aka haifa a nan ba su san Rashidi Yekini namu ba ne. A Kaduna aka haife shi a 1963. Asalin iyayensa Kwara, amma ƙwallonsa ta Kakuri ce, domin a kulob ɗin masaƙar UNTL ya fara, lokacin da masaƙu ke ci da mutane dubbai, in an tashi aiki titi ya cika da kekuna. Daga nan sai Shooting Stars ta Ibadan, sai Abiola Babes, sai Abidjan, sai Setubal ta ƙasar Fotugal, inda ya fi kowa jefa ƙwallo a gasar ƙasar a kakar 1993/94, guda 21. Shi ne ɗan Najeriya na farko da aka zaɓa gwarzon ɗan ƙwallon Afirka, a 1993.

Dattawan da ke gaba za su tuna daren 21 ga Yunin 1994, wasanmu da Bulgeriya a Dallas. Tsakar dare ne a gida. A layinmu an fito da talabijin ƙofar gida an ɗora a kan benci, mai shayi ya ƙi tashi, kowa na addu'ar kada a ɗauke wuta. Finidi ya gangaro da ita, Yekini ya tura raga, ya bi ta ciki, ya damƙi ragar da hannu biyu yana girgizawa yana kuka. Ƙwallon Najeriya ta farko ke nan a gasar cin kofin duniya. Ta biyu kuwa Daniel Amokachi ne ya ci, shi ma ɗan Kaduna, yaron Ranchers Bees. Mutanen Legas ba sa son a tuna musu wannan, ni kuwa duk inda na zauna sai na faɗa.

Bayan nan abubuwa suka fara cakuɗewa. Yekini ya koma Olympiacos ta Girka, zama bai yi daɗi ba. Ya je Sifaniya, ya je Suwizalan, Tunisiya, Saudiyya, ko'ina ba ya daɗewa. Yana da shekara 41 yana buga gasar cikin gida. Ƙwallo 37 ya ci wa Najeriya, aka shafe fiye da shekara ashirin ba wanda ya kamo shi.

Inda nake son ku saurare ni da kyau shi ne ƙarshensa. Ya koma gidansa a Ibadan ya rufe ƙofa, ya janye daga mutane. Jaridu suka riƙa rubuta cewa yana fama da ciwon damuwa da taɓin hankali. Ya rasu ranar 4 ga Mayun 2012 yana da shekara 48, aka binne shi a Ira ta jihar Kwara. Allah ya jiƙansa. Sai bayan ya tafi manya suka fara jerin gwanon ta'aziyya da alkawura. A ganina wannan abin kunya ne ga ƙasa baki ɗaya, har da mu da muke tutiya da shi.

To, 'yan'uwa, mutumin da duniya ta san fuskarsa ya ɓace a tsakiyar garin Ibadan, ina ga ɗan'uwanmu da ke ɗaki ɗaya a nan, yana aikin dare, da hunturu rana ta faɗi tun ƙarfe huɗu? A Tudun Wada ko Unguwar Sanusi, in ba a gan ka sallar asuba kwana biyu ba, wani zai buga maka ƙofa. A nan sai dai mai gidan haya, shi ma kuɗinsa ya biyo.

Asusunmu kamar yadda yake a rubuce, kuɗin kai gawa gida da na makara ya tanada. Mun iya jana'iza, wannan ba a fi mu ba. Amma mara lafiya mai rai, musamman wanda ciwonsa ba ya nunawa a jiki, ba shi da layi ko ɗaya a takardar. In an ga mutum ya daina zuwa taro sai a ce girman kai ne, ko an yi masa asiri. A yi addu'a, ba mu hana ba, amma a kuma raka shi wurin likita, tunda ganin likita a nan ba sai ka biya ba.

Shawarata ita ce a ware kaso daga asusun don jinya, a kuma naɗa mutum huɗu, biyu mata biyu maza, masu riƙe sirri, waɗanda duk wanda aka yi taro biyu ba a gan shi ba za su taka har gidansa, ba saƙon WhatsApp ba. Hajiya ma'aji ta ce lissafin zai ɗauka. Malam sakatare, don Allah a sa shi cikin abin da za a kaɗa wa ƙuri'a bayan sallar la'asar. Na gode, wassalamu alaikum.