Ayu ba kifi ba ne, ɗan'uwan giwa ne

[Kogin Kwara a Yauri, masunta cikin kwalekwale]

Jama'a, tun da bidiyon ayu ya shiga yawo a WhatsApp ake ta musu, wasu na cewa ƙaton kifi ne. To, ba kifi ba ne.

Bari mu bi rabon a gurguje. Dabbobi kashi biyu ne, masu ƙashin baya da marasa shi. Marasa shi, irin su ƙwari da tana da ƙaguwa, su ne fiye da kashi 90 cikin 100 na nau'o'in dabbobi. Masu ƙashin baya kuwa, ga kifaye, ga kwaɗi, ga masu jan ciki, ga tsuntsaye, ga masu shayarwa. Wannan kowa ya haddace tun firamare.

Inda ake zamewa shi ne nan: masana ba sa duba inda dabba take kwana, asalinta suke bi. Zaman ruwa kan sassaƙe jiki ya yi sumul, ƙafafu su koma tamkar filafilin tuƙi, sai ka rantse dangi ɗaya ne. Amma kama da wane ba ta wane.

[A rage gudun hoton]

Ku dubi hancin. Ya leƙo sama ya shaƙi iska, don huhu gare shi. In koma ta riƙe shi a ƙasa, nutsewa zai yi ya mutu. Mafi yawan kifaye kuwa, ruwa ba ya cin su. Ku dubi wutsiya. Ta giwan ruwa, wanda ake fafatawa a kansa a Matan Fada lokacin bikin Argungu, hagu da dama take kaɗawa. Ta ayu sama da ƙasa. Macen tana haihuwa ne, ba ƙwai ba, nononta kuma yana nan wajen hammata. Har farce ke gare shi a hannu.

Ni dai haƙoran ne suka fi burge ni. Ciyawa yake ci, haƙoran taunarsa na gaba su lalace su faɗi, sababbi su turo daga baya. Haka na giwa suke yi. Binciken ƙwayoyin gado ma ya nuna cewa danginsa na kusa su ne giwa da rema. E, remar nan ta kan duwatsu! Kakannin ayu a tudu suke tafiya, sun fara shiga ruwa kimanin shekaru miliyan 50 da suka wuce.

Ko Kal Liniyos, masanin Suwidin da ya yi fice wajen rarraba halittu, sai a 1758 ya fitar da manyan dabbobin teku masu shayarwa, irin su whale, daga sahun kifaye. Su kuwa, danginsu na kusa dorina ce.

Masu neman man ayu, a yi haƙuri, doka ta hana farautarsa. Uwar takan yi kusan shekara da ciki, ta haifi ɗa ɗaya tal.